Wane Inji Ya Dace da Canjin Ruwan Akwatin Kifi: Ƙarami, Matsakaici ko Babba?

Ciyar da kifin ado ba wahala, ko yaro zai iya. Aikin yana wurin canjin ruwa. Kifi a cikin ruwan da yake zaune yake ci, a nan yake kashi, ragowar abinci kuma yana ruɓewa a tsakanin tsakuwa. Matatar ruwa tana taimakawa, amma iyakacinta ta bar ƙananan halittun da ke cikinta su sauya amoniya, sinadari mai kashe kifi da ke fitowa daga wannan dattin, zuwa naitiret, wanda illarsa ta fi sauƙi. Shi wannan naitiret taruwa yake yi, kuma in ba akwatin ya cika da shuke-shuke ba, ba shi da hanyar fita sai an kwashe wani ɓangare na ruwan an zuba sabo. Shi ya sa yawancin masu wannan sha'awa suke canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan duk mako.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai akwatin lita 240 da zai canza kwata, lita 60 zai fitar, ya mayar da 60, kuma na mayarwar sai ya ɗaga bokiti har ƙirji. Ba a daɗewa baya yake fara ƙorafi, canjin mako ya koma na sati biyu, daga nan ya koma na "sai ruwan ya yi launi". Amfanin ɗan injin tura ruwa ke nan: ya sauƙaƙa aikin har mutum ya riƙa yinsa a kan lokaci. To amma a shago za a jera maka inji shida ko bakwai, daga mai lita 300 a awa har mai 5,000, kuma mai shagon babba zai miƙo maka, ya ce "Alhaji, ɗauki wannan, ka huta." Wani lokacin yana da gaskiya. Sau da yawa kuma ba shi da ita.

Fitar da ruwa daban, mayar da shi daban

Kafin maganar girma, sai an raba aikin biyu. Fitar da tsohon ruwa ba ya buƙatar inji a mafi yawan gidaje, domin akwatin yana kan teburi, ruwa kuwa gangara yake so. Tiyo kawai za ka sa, ka zuƙo ruwan kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota, ya ci gaba da kwarara da kansa. Kuma wannan hanya ta fi inji amfani, saboda in ka haɗa bakin tiyon da bututu mai faɗi kana caccaka shi cikin tsakuwa, za ka ga tsakuwar tana tashi tana juyawa a cikin bututun tana komawa ƙasa, baƙin dattin kuma yana bin ruwa yana fita. Injin da aka rataye a tsakiyar ruwa, ruwan sama mai tsabta yake kwashewa ya bar dattin a kwance. In kuwa ka sauke shi ƙasa, yashi zai zuƙa, yashin ya cinye farfelarsa da sandar da take juyawa a kai.

Inji yana da amfani wurin fitarwa ne idan akwatin yana kusa da ƙasa, ko ruwan zai yi tafiya mai nisa zuwa tsakar gida ko kwata, ko kuma akwatin babba ne har jiran tiyo ya zama zaman banza. Ko a nan ma, a fara share tsakuwa da tiyo bokiti ɗaya ko biyu, sannan inji ya ƙarasa. Af, kada a zubar da tsohon ruwan nan a banza in akwai zogale ko fulawa a gidan, taki ne.

Ainihin aikin inji shi ne ɗaga sabon ruwa daga duro a ƙasa zuwa bakin akwati a sama. Kuma duron nan ba don ado ake ajiye shi ba. Ruwan famfon gwamnati yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona matattarar numfashin kifi ya kuma kashe halittun da ke cikin matata, don haka sai an sa masa maganin kulorin ko a bar shi ya kwana a buɗe ana busa masa iska. Ruwan bohol ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iskar shaƙa, kuma tsaminsa kan canza bayan ya sha iska, shi ma kwanan duro yana gyara shi. Duron dai ya zama wanda bai taɓa ɗaukar mai, sabulu ko maganin ƙwari ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Lamba biyu ce ke da muhimmanci, amma ɗaya ake rubutawa da manyan baƙi. Ta farko ita ce yawan ruwan da injin ke turawa a awa, za ka gan ta da L/H ko Qmax. Ta biyu, wadda ake ɓoyewa a gefe da ƙananan baƙi, ita ce Hmax, wato iyakar tsayin da injin zai iya ɗaga ruwa. Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne, lambobin nan biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda. Lita 1,000 da aka rubuta, an auna ta ne injin ba tiyo, ba hawa, ruwa yana fita daga bakinsa kai tsaye. Mita 1.5 da aka rubuta kuma, tsayin da ruwan zai kai ya tsaya cak ne, ko ɗigo ba zai fito ba. Abin da za ka samu a gidanka yana tsakanin biyun.

Kamfanonin kirki sukan buga zane a kwali ko a takardar ciki da ke nuna lita nawa ake samu a kowane tsayi. In akwai shi, shi za ka bi. In babu, ga ƙiyasin da bai cika kaucewa da yawa ba: ka duba kashi nawa na Hmax hawanka ya cinye, abin da ya rage shi ne kason ruwan da za ka samu. Inji mai lita 1,000 da Hmax mita 1.5, in zai ɗaga ruwa mita 1, ya cinye kashi biyu cikin uku ke nan, saura kashi ɗaya, wajen lita 330 a awa. A mita 1.3 kuwa da ƙyar zai ba ka 130. Wanda ya saya yana lissafin lita 1,000, ya zo gida ya ga ruwa yana fita kamar daga bakin buta, sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali injin yana yin daidai abin da aka ƙera shi ya yi.

Tsayin kuma daga saman ruwan da ke cikin duro ake auna shi zuwa wurin da ruwan ke fita a bakin akwati, ba daga inda injin yake kwance ba. Teburi mai santimita 80 da akwati mai santimita 45 sun kai bakin gilashi mita 1.25 daga ƙasa. Duron lita 200 in yana cike, saman ruwansa yana wajen santimita 80, hawan bai kai rabin mita ba, ko ƙaramin inji zai yi ta zuba kamar abin kirki. Amma ruwa yana raguwa hawan yana ƙaruwa, sai a kusa da gindin duro hawan ya haura mita 1.1. Wannan tsayin na ƙarshe shi za ka yi lissafi da shi. Ƙa'idata mai sauƙi ce: Hmax ya ninka hawanka na ƙarshe sau biyu, ko kusa da haka.

Wasu injinan da galan ake rubuta su, GPH. Galan na Amurka lita 3.8 ne, saboda haka 400 GPH wajen lita 1,500 ke nan. Akwai kuma wata ƙa'ida da ake yawan ji, cewa inji ya juya ruwan akwati sau huɗu zuwa goma a awa. Wannan ta matata ce, wadda ke aiki dare da rana. Ba ruwanta da canjin ruwa. A nan tambayar ita ce lita nawa za ka zuba, kuma a cikin minti nawa kake so ka gama. Lita 60 a minti 10 na nufin lita 360 a awa a bakin tiyo. Ka ga lambar ba ta da girma, matsalar dai samun ta a bakin tiyo ne, ba a jikin kwali ba.

In ba ka san litar akwatinka ba, ka auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne. Mai 120 da 45 da 45 lita 243. Mai 150 da 60 da 60 lita 540. Ruwan da ke ciki bai kai haka ba, saboda tsakuwa da duwatsu sun ci wuri, kuma ba a cika shi har baki.

Tiyo yana cinye ƙarfin da ba a gani

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Ruwa yana gogayya da bangon tiyo, kuma gogayyar nan injin yana jin ta kamar ƙarin hawa. Abin mamakin shi ne yadda take ninkuwa idan tiyon ya ƙanƙance. In za a tura lita 1,000 a awa ta tiyo mai tsawon mita 10, mai faɗin ciki milimita 12, wato rabin inci, gogayyar ta kai hawan mita 6. Mai milimita 16, mita ɗaya da rabi. Mai milimita 19, wanda masu kayan famfo ke kira kwata uku, bai kai mita 1 ba. Mai inci ɗaya kuwa ko rubu'in mita bai cika ba. Bambancin 12 da 19 a ido ba wani abu ba ne, amma a wurin inji kusan ninki tara ne.

Mu ɗauki mutum biyu, kowanne duronsa yana tsakar gida, mita 10 daga falo, hawa mita 1. Na farko ya sayi babban inji mai lita 3,500 da Hmax mita 3.5, ya haɗa shi da siririn tiyo rabin inci da ya tarar a gida. Bisa ƙiyasin nan na sama, abin da zai samu bai wuce lita 500 da 'yan kai ba. Na biyu ya sayi matsakaici mai lita 2,000 da Hmax mita 2.5, ya sayi tiyo kwata uku. Shi zai samu wajen lita 800. Ya biya kuɗi kaɗan, ya riga gamawa. Da shi ma ya sa rabin incin, da ya faɗo ƙasa da lita 400.

Saboda haka kafin ka ƙara kuɗi a kan inji, ka ƙara faɗin tiyo. Injinan nan galibi suna zuwa da bakuna biyu ko uku na roba a cikin kwali, ka ɗaura mafi faɗi. Ka yanke tiyon daidai buƙata, kada ka bar mita biyar a naɗe a ƙasa. Kuma ka zaɓi mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa, domin lanƙwasa ɗaya a ƙarƙashin ƙofa ta isa ta shaƙe ruwan gaba ɗaya.

Su ukun gefe da gefe

Ƙananan injina, daga lita 300 zuwa 800 a awa, wutarsu ba ta wuce wat 5 zuwa 15, Hmax ɗinsu kuma galibi daga rabin mita zuwa mita ɗaya da ɗan abu. An yi su ne don maɓuɓɓugar ado da ƙananan matatu. Ga araha, ga shiru, ga shi suna shiga ta bakin bokiti. Amma ka duba lissafin da muka yi: bakin akwati yana mita 1.25, injin kuma iyakarsa mita 1. Zai fara tura ruwa duro yana cike, ya yi ta raguwa, ya tsaya yana gunji ruwa ya maƙale a tsakiyar tiyo. Inda suke da amfani shi ne ƙaramin akwati na lita 60 zuwa 100, idan za ka ɗora bokitin a kan kujera kusa da shi, hawan ya zama santimita 30 ko 40. A nan sanyin hannunsu alheri ne, musamman ga kifin beta mai dogayen fika-fikai da ba ya son igiyar ruwa, ko akwatin 'ya'yan kifin gufi. Akwatin da bai kai lita 60 ba kuwa, ni ban ga dalilin sayen inji ba sam. Lita 12 ko 15 ce za ka zuba, moɗa da bokiti sun isa, wanke injin da naɗe tiyo ma sun fi zuba ruwan cin lokaci.

Mai lita 1,000 shi ne mai ruɗin mutane, domin lambar tana da daɗin ji. Da Hmax ɗinsa na wajen mita 1.4 ko 1.5, a hawan mita 1 da gajeren tiyo lita 300 yake bayarwa, wato lita 60 a minti 12 ko fiye. Wannan ba laifi ba ne ga kifi, sun ma fi son haka. Matsalar ita ce ba shi da rara. Ranar da ka matsar da duron baranda, ko ka sayi teburi mai ɗan tsayi, ko farfelarsa ta fara tsufa, shi ke nan ya gaza. In akwatinka lita 100 zuwa 150 ne kuma duron yana gefensa, ka saya. In ya wuce haka, ka tsallake shi.

Matsakaita, lita 1,500 zuwa 2,500, wat 25 zuwa 45, Hmax mita 2 zuwa 2.5 ko kaɗan fiye, su ne na yawancin akwatunan falo, daga lita 150 har 400. Mai lita 2,000 da tiyo mita 3 mai milimita 16 zai ba ka wajen lita 900 a hawan mita 1, lita 60 a minti 4. Wannan ya ɗan yi sauri, amma gyaransa ba wuya: ka sa bawul na roba a kan tiyon, wajen da ruwa ke fita, ka rage shi yadda kake so. Irin waɗannan injina ba sa lalacewa don an matse musu hanyar fita. Abin da ba sa jurewa shi ne a toshe musu hanyar shiga, ko a bar su suna juyawa ba ruwa, domin ruwan ne ke sanyaya su. Wannan shi ne ya sa nake fifita matsakaici a kan ƙarami ko da akwatin bai kai ba: mai ƙarfi ana iya rage shi, marar ƙarfi ba a iya ƙara masa. A kasuwa za ka ci karo da Sobo, SunSun, Resun da Jebao, duk ƙirar Sin, da kuma Eheim na Jamus mai tsada. Tunda minti goma ko ashirin injin zai yi aiki a mako, ban ga buƙatar mai tsadar ba. Kuɗin ya fi amfani a tiyo da bawul. Sai dai a injinan araha, ka ɗauki lambar kwali a matsayin ta ranar da komai ya yi daidai, ka rage mata wani abu a ranka.

In ka sami irin wanda ke zuƙar ruwa ta gindinsa, ka fifita shi. Mai zuƙa ta gefe yakan fara shan iska ruwa yana saura santimita biyar ko fiye a duro, mai zuƙa ta gindi kuwa kusan har ƙasa yake kwashewa.

Manya, lita 3,000 zuwa 5,000, na masu akwatin lita 500 zuwa sama ne, ko mai akwatuna da yawa a ɗaki guda, ko wanda zai hau da ruwa bene. Mai lita 540 da ke ajiye oska ko manyan koyi, kifaye masu ci da yawan kashi, yana iya canza lita 150 ko 200 a zama ɗaya, kuma ba zai so ya yi minti arba'in a tsaye ba. Shi babban inji da tiyo inci ɗaya ya dace da shi. Mai hawa bene kuma kada ya kalli lita ko kaɗan sai ya fara kallon Hmax, domin hawa ɗaya wajen mita 3 ne, ga tsayin akwati a kai, ya haura mita 4. Inji mai Hmax mita 3.5 ko ɗigo ba zai kai ba, komai yawan litarsa.

Amma a sa babban inji a akwatin falo na yau da kullum, ga abin da ke faruwa. Akwati mai tsawon 120 da faɗin 45, kowane santimita na tsayin ruwa lita 5.4 ne. Da lita 900 a awa, ruwa yana hawa kusan santimita 3 a minti, kana da sararin amsa sallama. Da lita 4,000 a awa yana hawa santimita 12 a minti, ratar santimita 3 da ka bari a sama daƙiƙa 15 ce. Waya ta yi ƙara ka waiwaya, kafet ya sha ruwa. A cikin akwatin kuma ruwan yana haƙa rami a yashi, yana tumɓuke shuke-shuke, dattin da ya rage ya tashi ya turnuƙe, kifaye su taru a kusurwa ɗaya.

Babbar illar saurin ma ba wannan ba ce, zafin ruwa ne. Kifayen ƙasashe masu zafi sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28, kuma abin da ke jijjiga su shi ne canji na farat ɗaya. Ruwan baƙin tankin da ya yini a rana a watan Afrilu yana saukowa da zafin da hannu ma ke ji. Ruwan duron da ya kwana a waje da hunturu a Kano ko Jos ko Damagaram kuwa sanyi ƙalau. In bambancin digiri biyar ne ka zuba kwata a minti 15, ruwan yana gauraya a hankali, kifin ya bi. In ka antaya shi a minti ɗaya, kifin da ke kusa da bakin tiyo shi ke shan dukan. Mafita ta farko ita ce duron ya kwana a ɗakin da akwatin yake, ka kuma gwada ruwan biyu da ma'aunin zafi, bambancin kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. Ta biyu ita ce bawul. Kuma ko wane inji ne, ka sa faranti ko leda a kan ruwa inda tiyon ke zuba don ƙarfin ya watse.

Waɗanda suka yi kama da shi amma ba shi ba ne

Akwai injin da ake mannawa a jikin gilashi, mai buɗaɗɗiyar farfela a cikin keji, an rubuta masa lita 3,000 ko 6,000 kuma ga araha. Na kaɗa ruwa ne a cikin akwati, ba shi da bakin tiyo, ba ya ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya. Injin iska mai fitar da kumfa shi ma lita ake rubuta masa, amma litar iska.

Sai injin rabin doki da ake jan ruwa da shi zuwa tankin sama, wanda gidaje da yawa suna da shi. Wajen lita 35 yake bayarwa a minti, kuma hawan mita ɗaya ba ya ko jin sa. Sai dai jikinsa baƙin ƙarfe ne, in ya yi mako a ajiye ruwan farko da zai fito ja ne da tsatsa, farfelarsa kuma sau da yawa tagulla ce, wadda masu ajiye jatan lande da dodon koɗi ke gudu. Ga ƙara, ga sai an ɗura masa ruwa kafin ya ja. A bar shi ya cika duro, kada ya cika akwati. Manyan injinan nutso na kwashe ruwan rami ko kwamin tarwaɗa, masu lita 7,000 zuwa sama, sun dace da kwami da tamfol, ba falo ba. Wasunsu ma akwai mai a cikinsu don sanyaya injin, in ya yoyo cikin ruwan kifi an gama.

Maganar wuta

Kada wat ya sa ka sayi ƙarami. Inji mai wat 40 da ya yi minti 15 bai ci wutar da fankar sama ke ci a minti goma ba, ƙaramin sola ma zai ɗauke shi. Abin lura shi ne wutar Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 240 ce, kayan gwanjo ko saƙon da aka kawo daga Amurka kuwa 110 zuwa 120, in ka soka shi kai tsaye ya ƙone. Wasu inbatoci masu araha kuma ba sa ba da wuta mai santsi, sai ka ji injin yana kuka yana zafi.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ita ce abin da ya kamata kowa ya shirya wa. In bakin tiyon yana nutse cikin ruwan akwati aka ɗauke wuta, ruwan juyawa yake yi ya koma duro ta cikin injin, kuma ba zai tsaya ba sai ya sauka daidai bakin tiyon. In ka zura shi har ƙasa, akwatin zai kwashe, duron ya tumbatsa. Saboda haka bakin tiyo ya tsaya a saman ruwa, a maƙale shi da kilif a jikin gilashi. Haɗari na biyu kuma, an ɗauke wuta ka tafi sabgarka ka manta injin a soket, aka dawo da ita ba kowa a falo. An ɗauke, ka zare.

Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ya duba injinan batir masu bolt 12, irin waɗanda ake kwashe ruwa da su daga cikin jirgin ruwa ko na sola. Batirin mota ya ishe su. Na jirgin ruwan ba a yi su don aikin yini ba, amma minti goma ba komai. Akwai kuma masu bolt 24 da ke zuwa da ɗan akwatin rage gudu, ka danna ya ragu ka danna ya ƙaru. Sun fi tsada, amma mai akwati babba da ƙarami a gida ɗaya inji guda zai yi masa duka biyun.

Kafin ruwa ya sauka, ka kashe matata da na'urar ɗumama ruwa in kana da ita, domin na'urar gilashi tana fashewa in ta yi zafi a iska ruwa ya taɓa ta. Kada ka ɗaga inji ta wayarsa, kada ka sa hannu a duro yana aiki, soket kuma ya kasance sama da ƙasa inda ruwa ba zai bi waya ya gangara cikinsa ba, kuma kusa da hannunka. In za ka yi amfani da injin wurin fitarwa, ka rufe bakin shigarsa da soso, in ba haka ba 'ya'yan kifi za su bi.

Ranar da ka kawo inji gida, kafin ka jefar da kwali da rasit, ka gwada shi yadda zai yi aiki: ruwa kaɗan a gindin duro, tiyonka na gaskiya, jarka mai lita 25 a ɗore bakinta daidai tsayin bakin akwati, agogon waya a hannu. In ta cika a daƙiƙa 100, lita 900 kake samu a awa, ka nemi bawul. In ta ɗauki minti 3, lita 500 ne, daidai da akwatin lita 200 zuwa 300. Minti 5 lita 300 ne, zai yi in ba ka gaggawa. In ta wuce minti 8, ka fara gwada tiyo mai faɗi ko ka ɗora duron a kan bulo biyu, in bai canza ba ka mayar wa mai shago ka cika kuɗi ka ɗauki na gaba da shi.